Ƙusa ta Shida

Rigar da ta yi shekara arba'in da shida a rataye a ƙusa ta shida, cikin ɗakin canja kaya na filin ƙwallon Brynmore, ta ɓace. Sakatariyar ƙungiyar, Glenys Probert, mai shekara sittin da bakwai, ita ta fara gani, ranar Asabar da ƙarfe takwas da kwata na safe, sa'ad da ta shiga da kwandon lemo. Ba a fasa ƙofa ba. Ƙwallaye na nan, injin yankan ciyawa na nan. A kan ƙusar an bar wata kwandalar tagulla mai huji, wadda aka buga wa lamba 318.

Ba ta kira 'yan sanda ba. Ta ajiye kwandon, ta fita, ta zagaya filin sau biyu, ta dawo ta sake dubawa.

Abin ya faro ne daga ƙidaya. A bana Brynmore na da 'yan wasa tara, Ashgill na da takwas. Kilomita shida ne tsakanin garuruwan biyu, waɗanda ke cikin kwari ɗaya, da gaba ta shekara ɗari da 'yan kai, wadda aka gada tun zamanin da kowane gari ke da nasa ramin kwal, nasa coci da tasa ƙungiya. An rufe ramukan. Samari sun koma Newcastle, ko sun bi aikin haƙa zuwa Queensland. A watan Janairu majalisar yanki ta rubuto cewa duk filin da ba shi da ƙungiya mai rajista a wannan kaka za a yanka shi fuloti-fuloti a gina gidaje. Dole ƙanwar na-ƙi. Aka zauna, aka haɗe.

Ashgill ta haɗiye abu uku. Sunan Brynmore ne a gaba. A filin Brynmore za a riƙa wasa. Sabuwar rigar ruwan ɗorawa ce irin ta Brynmore, koren Ashgill kuwa ya koma siririn zare a bakin hannu. A abu na huɗu aka tsaya cak, kuma lamba ce.

A wannan ɓangaren kwarin, ƙungiyoyin nan biyu ne kaɗai suka rage masu ƙirga 'yan wasa yadda kakanni suka yi, daga baya zuwa gaba. Mai tsaron gida ɗaya, 'yan baya biyu da uku, 'yan tsakiya huɗu, biyar, shida daga dama zuwa hagu, 'yan gaba bakwai zuwa sha ɗaya. Lamba ta wuri ce, ba ta mutum ba. Wanda aka ba wurin ranar Asabar shi ke sa rigar, ranar Lahadi ta koma kwandon wanki. Bana hukumar ƙwallo ta sauya doka: kowa da lambarsa har ƙarshen kaka, kuma jerin sunaye ya isa ofis kafin ƙarfe biyar na yammacin Juma'a, da amincewar shugaba da ta sakatariya. In ba jeri, ba ƙungiya. In ba ƙungiya, ba fili.

A Ashgill, shida ta daɗe a gidan Sobczak, don dukkansu da ƙafar hagu suke bugu. Ziggy ya sa, ɗansa ya sa, yanzu jikansa Jarrod, kyaftin, ɗan shekara ashirin da biyar, mai aikin kafa farantan sola a rufin gidaje. A Brynmore kuwa ba wanda ya sa shida tun Agustan 1978. Takardar wasa kan tsallake daga biyar zuwa bakwai, ɗan tsakiya na hagu ya sa sha biyu. Alƙalan wasa sun daɗe da daina tambaya.

Emlyn Probert, yayan Glenys, shi ne shidan Brynmore na ƙarshe. Shi da Ziggy Sobczak a tawaga ɗaya suke aiki a Rami na Biyu. Kwana biyar suna cin abinci a kan katako ɗaya, ranar Asabar su nemi ƙafafun juna. Shida da shida ba sa haɗuwa a fili, don kowanne yana hagun ƙungiyarsa. Sai da Emlyn ya ratsa faɗin filin gaba ɗaya kafin ya samu ƙaurin Ziggy a wasan hamayya na shekarar. Alƙali ya kore shi, aka dakatar da shi wasa biyu. Mako guda bayan haka Ashgill na da wasan kusa da ƙarshe na kofi, Ziggy kuma na da aikin Asabar. Emlyn, wanda ba shi da abin yi, ya ce zai yi masa, a madadin ban-haƙuri.

Kamfani ya hana musayar aiki sai da sanarwar mako biyu. Mahaƙa na da tasu hanya. Kowane mutum na da kwandalar tagulla mai lambarsa. In zai sauka ya rataye ta a allon ɗakin fitilu, in ya hau ya cire abarsa. Kwandala a allo tana nufin mutum a ƙasa, kuma ba mai cire ta wani. Masu musayar aiki sai su musanya kwandala, mai ɗakin fitilu ya kau da kai.

Ran nan mutum sha tara suka sauka. Da ƙarfe biyu da minti arba'in gas ya kama wuta. Sha takwas suka hau. A allo 318 ta rage. Waɗanda suka yi aiki kusa da Emlyn an wuce da su asibiti ba su san inda kansu yake ba, mai ɗakin fitilu na safe kuma ya tashi tun tsakar rana. Ofis ya bi allo. Manaja da ɗan sanda suka tafi Ashgill, suka cire huluna, suka gaya wa Halina Sobczak cewa mijinta ya rage a ƙasa. Ta ce ita ta goge masa rigar ƙwallo da safe. Suka same shi a hutun rabin lokaci yana tsotsar lemo. Kayan aro ba ya rufe katara.

A gidan Probert ba wanda ya je sai ƙarfe bakwai, bayan uwar Emlyn ta ɗumama abinci sau biyu. Kwana tara wutar ta ƙi mutuwa, aka toshe ramin da kankare, Emlyn yana ciki. Ran da aka toshe, uwar ta ɗauko rigarsa ta rataye a ƙusa ta shida. Kowa a garin ya iya karatun allon ɗakin fitilu: abin da ke rataye, mai shi yana ƙasa. Ba wanda ya taɓa ta, har da Glenys, wadda ta yi shekara talatin tana wanke sauran rigunan. Ita wannan ƙura kawai take hure mata.

Ziggy bai je gidan ba. Bai sake shiga filin ƙwallo ba, ko don kallo.

Taron ƙarshe kan lambobi ya zauna ranar Alhamis da ƙarfe biyar da rabi na yamma, a zauren kulob ɗin ma'aikata. 'Yan Brynmore suka zauna ta taga, 'yan Ashgill ta ƙofa. Glenys ba ta zauna ba. Ta jera kofunan shayi, ta sake jera su.

"Mun ba ku suna," in ji Noel Tindall, tsohon mahauci daga Ashgill, wanda aka naɗa shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar. Yana naɗe yatsunsa masu kauri ɗaya bayan ɗaya. "Mun ba ku fili. Mun ba ku launi, ga ni zan mutu cikin rigar ruwan ɗorawa kamar ayaba. Saura me, Glenys? Matata?"

"Ƙyale baiwar Allah, wahalarka ta ishe ta."

Aka yi dariya ta wajen taga. Biyu daga wajen ƙofa suka taya, sannan suka tuna.

"Yi ta yi," in ji Noel. "Mutanena sun kaɗa ƙuri'a, bakwai da babu. In Jarrod bai sa shida ba, ban sa hannu."

"In ya sa, ni ban sa."

"To sai mu je mu zaɓi fuloti. Ni ina son wajen tutar kwana, akwai inuwa."

Jarrod Sobczak na zaune a ƙarshen tebur da kayan aiki. "Ni fa ba wanda ya tambaye ni," ya ce. "Ku ba ni sha shida. Ku ba ni sittin da shida. Ku liƙa min lambar wayar Noel a baya, in dai zan buga ƙwallo jibi."

"Kai rufe mana baki, ba taka ba ce," in ji Noel.

"Ni ke sa ta."

"Aro ka yi. Ta Ashgill ce. Ita kaɗai ta rage mana da za mu nuna wa jikoki mu ce mun taɓa zama ƙungiya."

Daga wajen kanta wani ɗan zari-ruga ya ɗaga kofin giyarsa. "A wasan maza, shida shi ne mai ƙwaƙwalwa, mai rabon ƙwallo! Ku kuna nan kuna kashe kanku a kan lambar lebura!"

"In kun koyi yin ƙwallo mai zagaye, ka zo a yi magana," in ji Glenys, ba tare da ta waiwaya ba.

Noel ya jira dariyar ta lafa. Ya rage murya. "Glen, ni ma na san Emlyn. Shi ya koya min ɗaure takalmi yadda ba ya kwancewa. Amma shekara arba'in da shida ke nan. Ba zai hau ba."

"Na sani. Na san kaurin kankaren. Mita huɗu."

"To?"

"To ba ni na rataye ba, ba ni zan cire ba."

"Wa ya ce ki cire? Ki bar ta a ƙusarta, yaro ya sa sabuwa."

"Shida a ƙusa, shida a fili? Mutum ba ya zama a ƙasa da sama lokaci guda, Noel. Kai ɗan mahaƙi ne, kar ka sa in koya maka."

Aka tashi da ƙarfe bakwai saura kwata ba a yanke komai ba. Ba wanda ya sha shayin.

Ranar Juma'a Glenys ta buɗe kwamfutar ƙungiya da ƙarfe bakwai na safe. Sunaye sha shida sun zauna a layukansu. Layi na shida wayam, sunan Jarrod kuma ba shi da wurin zama. Ta rufe. Ta ɗauki garwar farin fenti ta ja layukan filin, waɗanda aka riga aka ja ranar Laraba. Ta je shagon burodi ta sayi burodin nama, ta bar shi a kujerar mota. Da ƙarfe sha ɗaya ta buga wa ofishin hukuma waya, ta tambaya ko ana iya ƙara kwana biyu. Wata mace mai fara'a ta ce a'a, amma ai ba abin damuwa ba ne, kowace lamba daga ɗaya zuwa casa'in da tara ta halatta, akwai ma wani yaro a Maitland da ya zaɓi tamanin da takwas don shekarun kakarsa. Glenys ta yi godiya ta kashe.

Da ƙarfe ɗaya ta tuƙa zuwa Rami na Biyu. Abin da ya rage shi ne shingen waya, faffaɗan kankare, ƙaramin allon ƙarfe mai sunan Emlyn, da bututun auna gas mai murfi, faɗinsa kamar cinyar mutum. Hankaki biyu na yawo a kan kankaren. Ta yi minti huɗu. Ta koma gida, ta kunna butar shayi, ta fita kafin ruwan ya tafasa. Da ƙarfe uku da minti goma motarta ta tsaya a wani titi na Ashgill da ta yi shekara arba'in da shida tana zagaye shi.

Ziggy Sobczak na bayan gida, cikin tumatir ɗinsa na ƙarshen kaka, yana ɗaure reshe da tsohuwar safa. Shekararsa saba'in da huɗu. Halina ta rasu shekara uku da suka wuce. Ya miƙe a hankali, ya yi tarin nan da duk wanda ya girma a kwarin ya sani.

"Glenys Probert," ya ce. "Kin koma uwarki sak."

"Kai kuma ka tsufa."

"Haka ake yi in an hau."

Ya jawo mata kujerar roba. Ba ta zauna ba.

"Ban zo gaisuwa ba. Ka kira Noel ka ce ya saki lambar nan. Don kai suke yi, kai kaɗai zai ji."

"Ban roƙe su ba. Da ɗana ya fara sa ta, sai da na yi wata ban yi masa magana ba."

"To ka kira."

"Zan kira. Ga waya can a kan firji. Kalma ɗaya, Noel ya saki, ya yi ta gunaguni har Kirsimeti. Amma tsaya tukuna."

Ya shiga ciki. Ta duba agogo. Ta tsinke ganyen tumatir, ta murje shi, ta yar. Ya dawo da tsohon gwangwanin taba, ya buɗe a kan teburin lambu. Kwandaloli biyu ne a ciki, sun yi duhu, ɗaya 318, ɗaya 207.

"Wannan kotun bincike ce ta mayar min," ya ce, yana nuna ta farko. "Wannan kuwa tasa ce. Da zan yi masa nasa aikin ranar Laraba. Zai kai wata yarinya Newcastle."

"Wace yarinya?"

"Bai faɗa ba."

"Emlyn ba shi da yarinya."

"Ya sayi sabon takalmi, Glenys. Mai tsini. Duk tawaga ta yi masa tsiya."

Takalmin ta sani. Yana cikin akwati a saman kabad ɗinta, ba a taɓa taka ƙasa da shi ba.

"A cikin safata take ran nan, a ɗakin canja kaya, da suka zo," in ji Ziggy. "Tun daga lokacin tana nan."

"Me ya hana ka kawo?"

"Na zo. Sau uku ina kaiwa shagon burodi in juyo. Na huɗu na kai har bakin ƙofa. Sai na tuna an ce uwarki ta rataye rigar. In ƙwanƙwasa in ce mata me? Ga kwandalar ɗanki, ba ta kan allo? Ke kin iya karatun allo. Ɗari biyu da bakwai ba ta hau allo ran nan ba. A allo, yayanki yana sama. Ni ne a ƙasa."

"Kar ka yi min wayo da magana, Ziggy. Kai ka ci Kirsimeti arba'in da shida."

"Na ci."

"Awa huɗu uwata na ɗumama abinci."

"Na sani. Ina tsaye a bakin rami da rigar ƙwallo a jikina. Tun ƙarfe huɗu na gaya musu Emlyn ne. Manaja ya ce sai an tabbatar, kar a yi kuskure sau biyu a yini ɗaya."

"Kai ai kana da ƙafa."

"Ina da ƙafa."

Wani kare ya yi haushi a gidan maƙwabta, aka tsawata masa. Ziggy ya juya gwangwanin a kan tebur.

"A rami lamba ta mutum ce, a fili ta wuri ce. Ɗan goye ma ya san wannan. Mu muka ari ta rami kamar riga. Ku kuma..." Bai ƙarasa ba.

"Ƙarasa."

"Ba ni da bakin ƙarasawa."

Glenys ta sake duba agogo. Ƙarfe huɗu da minti biyar. Ta sa yatsu biyu ta ɗauki 207, ta goge ta da gefen rigarta, ta karanta lambar kamar mai tsoron an sauya ta, ta sa a aljihu.

"In kira Noel?" ya tambaya.

Ta juya ta nufi hanyar fita. A bakin ƙofar shinge ta tsaya.

"Kun ci wasan?"

"Wanne?"

"Na ran nan."

"An tashi a rabin lokaci. Ba a sake bugawa ba." Ya yi tari. "Muna gaba da ɗaya."

Kilomita shida ne, amma a mararrabar dogo ta tarar an sauke sanda. Jirgin kwal daga saman kwari yana wucewa zuwa tashar jiragen ruwa, a kan saurinsa na kullum, wato tafiyar hawainiya. Ta kashe mota, ta kunna. Ta ƙirga taragu har sittin da ɗaya ta ɓace, ta sake daga farko. Ta fito da kwandalar, ta mayar. Da aka ɗaga sanda ƙarfe huɗu da minti talatin da ɗaya ne.

Noel na zaune cikin a-kori-kurarsa a bakin filin, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje. Wayarsa na kan cinyarsa. Ba ta yi ƙara ba, in ji shi daga baya. Ya bi ta zuwa ɗan ofishin da ke jikin ɗakin canja kaya, ya tsaya a bayanta yana huci. Kwamfutar ta ɗauki minti shida kafin ta farka. Glenys da yatsa ɗaya take rubutu. A layi na shida ta buga: Sobczak, J. Ta sa lambar sirrinta, ta matsa gefe. Noel ya nemo tabarau, ya sa tasa, ya yi kuskure, ya sake. Jerin ya tafi da ƙarfe huɗu da minti hamsin da biyu.

"Glen..."

"In ka ce ka gode, zan buga musu waya in ce kuskure ne."

"Ban ce komai ba." Ya cire tabarau. Ta ƙofar da ke buɗe ana hango tsohuwar rigar, ruwan ɗorawarta ya koɗe ya koma launin toka, lambar ɗinkin hannu ce. "Waccan fa?"

"Tana nan inda take."

"Yaron a ina zai rataye kayansa?"

"A hancinka. Akwai fili."

Ita ta kulle ɗakin da ƙarfe biyar da kwata, ta mayar da makullin inda ake ajiye shi tun 1961, ƙarƙashin bulo na uku a gindin tankin ruwa. Duk wanda ya taɓa buga wa Brynmore, ko ya buga da ita, ya san wurin.

Noel ya ce ba shi ya ɗauki rigar ba. Jarrod ya ce bai ma san an sa sunansa ba sai da safe. Wani mai yawo da kare ya ce ya ga farar a-kori-kura a jikin shingen Rami na Biyu wajen ƙarfe shida da rabi na safiyar Asabar, amma rabin motocin kwarin farare ne. Ranar Lahadi Glenys ta je. Ba komai a kan kankaren. Notunan murfin bututun gas, waɗanda ta sani da tsatsa, suna da sabon karce, da ɗigon mai a jikinsu. Ba ta gaya wa kowa ba sai da aka tambaye ta.

An yi wasan Asabar ɗin da ƙarfe uku. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu suka shigo, 'yan Brynmore ta inuwar itatuwan turare, 'yan Ashgill ta rana. Baƙi daga Newcastle suka ci biyu da ɗaya. A minti na talatin da ɗaya Jarrod Sobczak, da shida a bayansa, ya baro hagu, ya ratsa faɗin filin gaba ɗaya ya kwashe ƙafafun wani ɗan gaba da ya zagi mai tsaron gidansu. Alƙali ya ba shi katin gargaɗi. Daga inuwa wani dattijo ɗan Brynmore ya yi ihu, "Haka ake yi, Shida!" Sannan ya cire hularsa ya daɗe yana duba cikinta.

Jarrod a hannun ƙofa ya rataye kayansa ran nan, haka ma a wasanni biyun da suka biyo baya. Ya ce ya tambayi kakansa sau ɗaya, tsohon ya ce tumatir na son ruwa. Noel ya kawo shawara a taron kwamiti cewa a kafa wata ƙusa a gefe, ba wanda ya goya masa baya. Glenys na share ɗakin kowace Laraba. In ta zo ƙusa ta shida sai ta sunkuya ta hure ƙura, ta wuce ta bakwai.

Ba mai cire kwandalar wani. Har zuwa jiya Laraba, 318 na nan a rataye, mai ita kuma bai zo ba.